Jagorar Gwajin FISH: Gano Sauyin Wurin Ƙwayoyin Gado da Furob Mai Ƙyalli

Yaranmu da ke karanta kimiyyar ɗakin gwaje-gwaje a Jidda, Makka da Madina, da waɗanda suka zo daga Kano ko Damagaram suna digiri na biyu a Riyad, da yawansu sai a shekarar imtiyaz, wato shekarar horon aiki a asibiti, suke fara riƙe furob na FISH da hannunsu, wato sinadarin gwajin da ke haska ƙwayoyin gado a cikin sel don a ga ko sun sauya wuri. Sukan shiga da fargabar ƙaramar kwalbar, saboda tsadarta da ƙanƙantar abin da ke cikinta. Ni kuwa ba kwalbar nake wa tsoro ba. Furob ɗin da kamfani ya haɗa ba kasafai yake ƙarya ba. Sakamakon ƙarya yakan fito ne daga wuri biyu: yadda aka riƙe samfuri kafin ya iso teburinka, da yadda ka ƙirga ɗigogi a ɗaki mai duhu. A kan waɗannan biyu zan fi tsayawa.

Me ake nema?

Sel ɗin mutum na ɗauke da kuromosom 46. Wani lokaci biyu daga ciki sukan karye su yi musayar guntaye, sai ƙwayoyin gado biyu da ba su taɓa zama kusa ba su haɗe su zama sabon abu guda, wanda ke tura sel ya yi ta rabuwa ba birki. A 1960 Peter Nowell da David Hungerford suka ga wani guntun kuromosom a jinin masu sankarar jini nau'in CML a birnin Filadelfiya. Sai a 1973 Janet Rowley ta nuna cewa musaya ce tsakanin kuromosom na 9 da na 22, wadda ke haɗa ƙwayoyin gado biyu, ABL1 da BCR. Maganin imatinib da aka amince da shi a Amurka a 2001 wannan haɗin yake kai wa hari, don haka gano shi ko rashin gano shi ne ke yanke irin maganin da za a ba mutum. Idan dangin mara lafiya suka tambaye ka, ka gaya musu cewa irin wannan sauyi a cikin sel ɗin ciwon yake faruwa, ba gadonsa aka yi daga iyaye ba, kuma ba ya wucewa zuwa 'ya'ya.

Furob guntun DNA ne da aka manna wa sinadari mai ƙyalli, ja ko kore ko shuɗi-shuɗi. Idan aka raba silin DNA biyu na sel da zafi, furob zai je ya manne daidai inda jerin haruffansa suka dace. Ka haska shi da hasken da ya dace, sai ka ga ɗigo mai launi a cikin cibiyar sel. Ba dole sai sel yana rabuwa ba, kuma wannan ne ya sa FISH ya fi tsohon gwajin kuromosom sauri.

Mataki na farko: ka san tambayarka kafin ka sayi furob

Iri biyu ne za su fi shiga hannunka, kuma kowanne da tambayar da yake amsawa.

Na farko shi ne furob mai rabuwa. Ka ɗauka igiya ce da aka san inda take yawan tsinkewa, sai aka ɗaura jan ƙyalle a gefe ɗaya na wurin, koren ƙyalle a ɗaya gefen. Muddin igiya na nan lafiya, ƙyallayen na manne da juna, ido na ganinsu kamar ɗigo ɗaya ruwan ɗorawa. Ta tsinke, ja ya yi gabas kore ya yi yamma. Sel mai lafiya yana nuna ɗigon haɗe biyu. Mai sauyi yana nuna haɗe ɗaya, ja ɗaya, kore ɗaya. Wannan furob yana gaya maka cewa ƙwayar gadon ta karye, amma ba ya gaya maka da wa ta haɗu. Shi ya sa ake zaɓarsa ga masu abokan haɗi da yawa: KMT2A a kuromosom na 11, wadda aka san mata abokai fiye da 80, da ALK a na 2, da ROS1 a na 6, da EWSR1 a na 22, da MYC a na 8.

Na biyu shi ne furob mai haɗuwa biyu. Ana rina ƙwayar gado ɗaya ja, ɗayar kore, kowane launi ya ratsa wurin karyewa. Sel mai lafiya: ja biyu, kore biyu. Mai musaya: ja ɗaya, kore ɗaya, haɗe biyu. Da shi ake neman BCR::ABL1, da PML::RARA na musayar 15 da 17, da ETV6::RUNX1 na musayar 12 da 21 a sankarar jinin yara, wadda tsohon gwajin kuromosom ba ya iya gani.

Ga inda zaɓi ke da nauyi. Sankarar kaluluwa ta Burkitt, wadda Denis Burkitt ya bayyana a yaran Yuganda a 1958, mafi yawanta musayar MYC ce da IGH na kuromosom na 14, amma wani kaso yana haɗuwa da IGK a na 2 ko IGL a na 22. Wanda ya sa furob na IGH::MYC kaɗai, waɗannan za su wuce shi. Wanda kuma ya sa mai rabuwa kaɗai, ƙaramin guntu da ya kutsa cikin wani kuromosom zai iya ɓoye masa. Idan zargin likita ya yi ƙarfi, ni ina ganin a sa duka biyun.

Ka duba takardar kwalba: akwai furob na bincike zalla, akwai wanda aka yi wa rajista don gano cuta. Na bincike ba a ba mara lafiya sakamako da shi sai ɗakin gwajinku ya tantance shi a rubuce. Idan kuma aikin digirinka ne, kada ka taɓa samfurin mutum kafin kwamitin ɗa'ar bincike na jami'arku ko asibitinku ya ba ka izini. Furob yana zama a firiza a digiri 20 ƙasa da sifiri, cikin duhu. Ranar da kaya suka iso, a wannan zafin namu da ke haura digiri 40, ka buɗe akwatin nan take ka ga ko ƙanƙarar ta narke.

Mataki na biyu: samfuri

Jini ko ɓargo ana ɗibarsa a kwalbar hefarin mai koren murfi, musamman idan ana so a raini sel ɗin su rabu. Kada a daskarar da shi, kada a bar shi a mota a rana, kuma ya iso cikin kwana ɗaya ko biyu.

Tsokar da aka yanko ita ce mai rigima. Ana so ta shiga fomalin na kashi 10 cikin ɗari mai daidaitaccen tsami cikin awa guda da cirewa, ta zauna a ciki daga awa 6 zuwa 72. Yanzu ka lissafa da makonmu na nan, inda hutu yake Juma'a da Asabar. Tsokar da aka cire ranar Alhamis da safe, idan ba wanda ya sarrafa ta sai Lahadi, ta riga ta kai bakin iyaka. Na ga guntun kaluluwa da ya zo daga wani ƙaramin asibiti bayan hutun babbar salla, ya kwana a fomalin tun kafin ranar Arfa. A ƙarƙashin madubi duk filin ya zama kore mai hazo, cibiyoyin sel sun ƙi buɗewa ga furob komai daɗewar narkar da furotin ɗin tsokar, ɗigo ko ɗaya ba a iya rantsewa a kansa. Sai da aka sake neman wani samfuri, mara lafiya na jira. Fomalin yana ɗaure furotin da DNA, in ya wuce kima furob ba ya samun hanyar shiga. Saboda haka ka tambayi lokacin da aka sa tsoka da lokacin da aka cire ta, ka rubuta. Haka nan ƙashi: idan an tausasa shi da asid mai ƙarfi, DNA ta lalace. Ka roƙi sashen nazarin tsoka su yi amfani da EDTA, sinadarin da ke tausasa ƙashi ba tare da lalata DNA ba, ga duk abin da za a yi wa FISH, ko da ya fi ɗaukar lokaci.

Mataki na uku: shirya gilashi

Ga jini da ɓargo, ana jiƙa sel a ruwan KCl mai ƙarfin mola 0.075 a digiri 37 na kimanin minti 20 don su kumbura, sannan a kafe su da haɗin metanol kashi uku da asid na asetik kashi ɗaya, sabon haɗi na ranar. A wanke da shi sau biyu ko uku, a ɗiga a gilashi. Yadda ɗigon ke bushewa ya dogara da laimar iska. Wanda ya koyi aiki a Jidda ya koma Riyad zai tarar gilashinsa na bushewa kafin sel su baje, saboda bushewar iskar can da na'urar sanyaya ɗaki. Laima kusan kashi 50 cikin ɗari ake so, kuma jiƙaƙƙen tawul na takarda a ƙarƙashin gilashi yana taimakawa. Ka leƙa a madubi kafin ka ci gaba: sel su wadata, amma kada su hau kan juna.

Ga tsoka mai kakin farafin, a yanka ta kaurin maikuron 4 zuwa 5 a kan gilashi mai cajin da ke riƙe tsoka, a gasa a digiri 56 zuwa 60, a cire kaki da zailin, a bi da etanol. Sai jiƙawa a ruwan buɗe tsoka a kusan digiri 80, sannan narkarwa da fefsin, sinadarin da ke narkar da furotin, a digiri 37. Lallai likitan tsoka ya zagaye wurin ciwon a gilashin da aka rina da rinin duba tsoka na yau da kullum, wato H&E, kai kuma ka kwafi zagayen a bayan naka gilashin da alƙalamin daimon. In ba haka ba za ka ƙirga sel masu lafiya da kyau ka ba da rahoton babu komai.

Narkarwa ba ta da minti guda da ya dace da kowace tsoka. Ka tsaya a tsakiya, ka ɗiga DAPI, rinin da ke haska cibiyar sel da shuɗi, ka duba. Idan ba ta isa ba, cibiyoyin suna dushe-dushe, ba a ganin iyakarsu, tsakaninsu cike da ƙyalli. Idan ta wuce, gefensu ya zaizaye, tsakiyarsu ta yi rami. Wadda ba ta isa ba ana mayar da ita cikin fefsin, wadda ta wuce kuwa sai sabon yanka. Don haka ka fara da gajeren lokaci. Daga nan a busar da gilashi a etanol na kashi 70, 85 da 100, minti ɗaya zuwa biyu kowanne.

Mataki na huɗu: ɗora furob

Rage hasken ɗaki. Fito da furob ya huce, ka girgiza shi, ka juya shi a injin wulwula kwalabe na 'yan daƙiƙu don ya taru a ƙasa. Ruwan yana da kauri, ka ja shi a hankali. Maikurolita 10 ya ishi murfin gilashi mai milimita 22 a kowane gefe, kuma idan wurin ƙarami ne ka yi amfani da ƙaramin murfi ka rage furob. Kore kumfar iska, domin duk inda kumfa ta zauna ɗigo ba zai fito ba. Rufe gefuna da gam na roba.

A na'urar ɗumama gilashi, a raba silin DNA a digiri 73 zuwa 75 na minti 2 zuwa 5, gwargwadon abin da takardar kamfani ta ce, kuma tsokar farafin takan buƙaci fiye da haka. Sai a sauke zuwa digiri 37 a bar shi ya kwana, awa 14 zuwa 18, da jiƙaƙƙen ƙyalle a ciki don kada ya bushe. Ruwan furob na ɗauke da fomamaid, wanda ke rage zafin da DNA ke buƙata kafin ta rabu, da DNA nau'in Cot-1 da ke toshe jerin haruffa masu maimaituwa. Fomamaid yana cutar da ɗan tayi. 'Yar'uwa mai juna biyu ta sanar da shugaban sashe, a sauya mata wannan matakin, kuma ba abin kunya ba ne.

Duk lokacin da ka gudanar da gwaji, ka sa gilashin da ka san yana da sauyin da kuma wanda ka san ba shi da shi. Kuma ka tuna da kalanda: abin da ka ɗora ranar Alhamis da yamma, wani ne zai zo ranar Juma'a ya wanke shi.

Mataki na biyar: wanki

'Yan mintuna ne kacal, amma a nan ake zubar da aikin jiya. Cire gam da murfi a hankali, ka tsoma gilashi a ruwan gishirin wanki na SSC mai ƙarfin 0.4 da ɗan sabulun NP-40 a digiri 72 zuwa 73 na minti 2, sannan a SSC mai ƙarfin 2 a zafin ɗaki na minti ɗaya. Zafin da allon tukunyar ruwa ke nunawa ba shi ne zafin cikin kwalbar wanki ba. Ka sa ma'aunin zafi a cikin kwalbar kanta. Kada ka tsoma gilashi fiye da huɗu a lokaci guda, domin kowanne yana sauke zafin. Idan ruwan ya yi sanyi, furob da ya manne inda bai dace ba zai zauna, filin ya cika da ƙura mai launi. Idan ya yi zafi da yawa, har ɗigon gaskiya ya tafi. Bar gilashi ya bushe a duhu, ka ɗiga DAPI mai maganin dusashewa, ka rufe.

Mataki na shida: ƙirga

Kunna madubi mai ƙyalli, ka zauna 'yan mintuna idonka ya saba da duhu. Ka tabbatar filtocin sun dace da launukan furob ɗinka, kuma idan fitilar makuri ce ka duba awoyinta, domin bayan awa 200 zuwa 300 haskenta ya raunana. Fara da DAPI a ƙaramin girma ka zagaya gilashin duka, sannan ka koma girma 60 ko 100 da man da ba ya ƙyalli. Duba kore shi kaɗai, ja shi kaɗai, sannan filta mai haɗa su. Rufe hasken duk lokacin da ka ɗaga kai, domin ɗigo yana dusashewa, kore ma ya fi saurin tafiya.

Cibiyar sel dunƙule take, tana da sama da ƙasa. Ɗigo biyu da ke nesa da juna, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, za su iya bayyana a haɗe idan ka kalle su daga bisa. Saboda haka hannunka kada ya bar maɓallin daidaita gani, ka riƙa hawa da sauka a kowace cibiya. Ka tsallake waɗanda suka hau juna, da fasassu, da waɗanda launi ɗaya bai fito a cikinsu sam ba. Ɗigo biyu masu launi ɗaya da ke manne kamar tagwaye, ɗaya ne, sel ɗin ne ya riga ya kwafi DNA ɗinsa. A tsokar farafin kuma wuƙa tana yanke cibiya biyu, ɗigo ya tafi da ɗaya ɓangaren, don haka rashin ɗigo a can ba hujja ba ne shi kaɗai.

Ka rubuta ƙa'idar ƙirga kafin ka zauna, kada ka tsara ta bayan ka ga abin da ke gilashi. Misali mafi tsari shi ne na ALK a sankarar huhu. An gano haɗin EML4::ALK a Japan a 2007, kuma a 2011 aka amince da maganin crizotinib tare da furob mai rabuwa na Vysis. Ƙa'idarsa: ana ɗaukar ja da kore sun rabu ne idan tazararsu ta kai faɗin ɗigo biyu. Ja shi kaɗai ba abokinsa kore ana ƙirga shi a matsayin sauyi, domin shi ne ɓangaren da ke ɗauke da injin cutar, amma kore shi kaɗai ba a ƙirga shi. A ƙirga sel 50. Ƙasa da 5, babu. Sama da 25, akwai. Tsakanin 5 da 25, mutum na biyu ya ƙirga wasu 50, a haɗa, idan ya kai kashi 15 cikin ɗari akwai. Tazarar tana da wuyar gani a nan saboda EML4 da ALK duk a hannu ɗaya na kuromosom na 2 suke, guntun juyawa kawai ya yi, bai yi nisa ba.

Ga jini da ɓargo an saba ƙirga cibiya 200, mutum biyu kowa 100, kuma kada na biyu ya san abin da na farko ya samu. Wannan sharaɗin ina riƙe da shi da gaske. Ɗalibin da malaminsa ya riga ya ce masa ana zargin CML, idonsa zai fara ganin ruwan ɗorawa a ko'ina, ba don yana da niyyar ƙarya ba. Ka rubuta kowane fasali da ka gani, har wanda ba ka zata ba. A BCR::ABL1, ja ɗaya da kore ɗaya da haɗe ɗaya na iya nufin wani yanki ya ɓace daga kuromosom na 9 bayan musaya, amma kuma haɗuwar bazata tana ba da haɗe ɗaya a sel mai lafiya. Abin da zai raba maka su shi ne iyakar da ɗakin gwajinku ya fitar da kansa, ta hanyar gwada samfuran mutane masu lafiya aƙalla 20 da wannan furob, kowane fasali da tasa iyakar. Iyakar wani asibiti ko ta takardar bincike ba taka ba ce, domin madubinku da hannunku daban ne.

Mataki na bakwai: rahoto

Ɗauki hoton aƙalla sel biyu masu wakiltar abin da ka gani, ka ajiye gilashi a firiza cikin duhu. A rahoto ka faɗi sunan furob da kamfaninsa, irin samfuri, adadin sel da aka ƙirga, adadin masu sauyi, da iyakarku. Sannan ka rubuta shi da tsarin ISCN, wato ƙa'idar duniya ta rubuta sakamakon gwajin kuromosom, misali nuc ish(ABL1,BCR)x3(ABL1 con BCRx2)[184/200], ka bi bugun da sashenku ke aiki da shi, ka ƙara jimla ɗaya da likita zai fahimta ba tare da fassara ba. Idan ɗigogi ba su fito da kyau ba, ka rubuta cewa gwaji bai yi ba. Kada ka rubuta babu sauyi.

PML::RARA ba ya jiran takarda. Nau'in sankarar jinin da ke ɗauke da wannan haɗin yana kashewa da zubar jini a kwanakin farko, kuma yana jin maganin ATRA da asenik sosai. Likitoci sukan fara ATRA tun daga zargi, wasu ɗakunan gwaji kuma suna gajarta kwanan furob zuwa 'yan awoyi saboda shi. Da ka tabbatar, ɗaga waya.

FISH yana amsa tambayar da aka yi masa ne kawai. Furob na ALK ba zai ce komai a kan ROS1 ba. Bayan mai CML ya fara magani kuma, ragowar cutar takan yi ƙasa da abin da sel 200 za su nuna, sai a koma gwajin PCR mai auna adadin haɗin a jini, a riƙa bibiyar mara lafiyar da shi. Idan kamannin ciwo ya nuna sauyi amma gilashinka ya ce babu, ka rubuta a rahoto cewa a tura samfurin gwajin karanta jerin RNA, kuma ka tabbatar an bar isasshiyar tsoka a cikin kakin farafin don yin hakan.